Kama-Ƙasa da Sarkin da Zama Ya Gagara

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun duniya tana da sarari, mutum da aljan suna ɗibar ruwa a rafi guda ba mai tanka wa wani, an yi wani sarki a Birnin Waskana ana ce da shi Sarki Tunau ɗan Bagudu. Sarki ne mai ƙasaita, ƙasarsa ta yi faɗin da matafiyi zai tsufa bai ga iyakarta ba, fadarsa kuwa soraye ne bisa soraye, da zaurukan da in baƙo ya shiga ba jagora sai an aika a nemo shi. Duk da wannan daula, 'ya guda tak Allah ya ba shi, Gimbiya Hakama, wadda ya raɗa wa sunan mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata. Kyakkyawa ce, mai kaifin hankali, tana son ubanta kamar ranta, amma fa Allah ya zuba mata gaggawa. Hakama ba ta jiran kunu ya huce, ba ta kuma jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Mutanen Waskana suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni, suna kuwa tinƙaho da ita kamar su kaɗai aka raba wa hankali. A wurinsu ƙasa ƙasƙanci ce, ba ta dace da sarauta ba. Daga ranar da aka naɗa wa mutum rawani, tafin ƙafarsa ya yi sallama da ƙasa ke nan. Akwai masu shimfiɗa da ke gabansa da dardumai, suna shimfiɗawa suna naɗewa duk inda ya nufa, sarkin kuwa da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, a ranar rawani zai bar kansa. Abincinsa da ruwansa da maganinsa, duk abin da zai shiga jikinsa, ba a dire shi a ƙasa. Filin fada ana share shi tas safe da yamma, in aka ga tsiro komai ƙanƙantarsa sai a tuge. Talakawa suka ga abin ya burge su, su ma suka kama kankare gidajensu har garin ya koma fayau kamar bayan ƙwarya.

Wuri ɗaya ne ya tsira. A bayan fada, ƙarƙashin wata tsohuwar kanya mai duhun inuwa, akwai wani ganye da ake kira kama-ƙasa, ya malale wurin kore shar. Ganyensa ƙanana ne, zagayayyu, kamar kunnen ɓera. Ba ya tashi sama, rarrafe yake yi, duk gaɓar da ta kwanta a kan danshi sai ta saki saiwa ta riƙe, daga nan ta miƙa wani reshen gaba. Matan gari sun san darajarsa. Shi suke dakawa su ɗaura wa miki da ƙuna, shi suke jiƙa wa yaro in haƙori ya sa shi zafin jiki, shi suke tafasa wa mai jego, tsofaffi su tauna shi don tari, fatake kuwa in sun dawo da kumburarrun ƙafafu sai su tuɓe takalma su taka shi, su ji sanyi har ƙoƙon kai.

Wata safiya Sarki Tunau ya zaga bayan fada bisa dardumansa, ya tarar da mata a tsugune suna tsinkar ganyen. Ransa ya ɓaci. Ya ce yaya za a yi ciyawa ta yi gida a jikin katangar sarki? Kafin rana ta take an zo da fartanya an kankare wurin, an tara an cinna wuta. Hayaƙin bai gama washewa ba sai ga wata tsohuwa ta fito daga jikin kanyar, doguwa, furfura har gadon baya, tufafinta sun jiƙe sharkaf da raɓa alhali rana tana dukan ƙasa. Ita ce Uwar Raɓa, aljanar da ke zaune a wurin tun ba a aza harsashin birnin ba.

Ta dubi sarki ta ce, "Ya kai Tunau ɗan Bagudu, ka ƙone mini shimfiɗar da nake kwanciya a kai tun kakanka bai fara tatata ba. Ban tare maka hanya ba, ban sha maka ruwa ba, matan garinka suna tsinkar gefen shimfiɗata ban taɓa hana su ba. To, tun da ka tashe ni tsaye, kai ma ka tashi. Ba za ka zauna ba sai na zauna, ba za ka kwanta ba sai na kwanta."

Ta juya ta kama hanya ko waiwaye babu. Sarki ya yi murmushin raini ya koma fada, ya je zai hau karaga sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a tafin ƙafa. Ya zabura ya yi taku, zafin ya lafa. Ya tsaya, zafin ya dawo. Tun daga ranar zama ya gagari Sarki Tunau. A tafe yake shari'a, a tafe yake cin abinci, barci kuwa sai ɗan gyangyaɗi, dogarai biyu riƙe da kafaɗunsa, ƙafafu suna ta aikinsu. Masu shimfiɗa suka shiga uku, suna gudu gabansa da dardumai har wasu suna faɗuwa a sume. Ga shi kuma ba a zama sarki yana tsaye, saboda haka fada kakaf ta miƙe, tun daga Galadima Nomau, babban masu naɗin sarki, har hakimai da alƙalai da tsofaffi masu ciwon gwiwa, kowa yana biye ana zaga soraye ana haki. Kai, abin da ban dariya in ba gidanku ya faɗo ba.

Aka kira bokaye da matsafa daga gabas da yamma. Wani ya yi turare, wani ya yi shafe-shafe, wani matsafi ma ya zo da sarƙar tsafi wadda ya rantse ko giwa aka ɗaure da ita sai ta natsu. Aka ɗaure sarki a karaga. Ihun da ya yi ya sa Hakama ta ture dogarai ta kwance shi da hannunta, ta kuma sa aka raka matsafin har ƙofar gari. Mata suna ta cewa a ɓoye da kama-ƙasa yana nan da an gwada, amma ina, ko ganye ɗaya bai saura a Waskana ba.

Sarki ya fara ramewa. Rigunansa suka yi masa yawa, idanunsa suka faɗa, kowa ya gane in ba a sami mafita ba tafiyar nan ce za ta kai shi kabari. Wata rana da hantsi Hakama tana tafe a gefensa riƙe da ƙoƙon fura tana ba shi yana kurɓa, ya dube ta ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Uwata, na gaji. Wallahi na gaji. Ba mulki nake marmari yanzu ba, ba dukiya ba. In zauna kawai, ko da na ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa ne."

Hawaye suka cika mata ido. Ta ce, "Baba, ka daure har in dawo. Tsohuwar nan duk inda ta shiga a duniya sai na nemo ta." Bai gama cewa ta tafi da 'yan rakiya ba, ta riga ta kai zaure.

Sawun Uwar Raɓa ba ya ɓoyuwa, domin duk inda ta bi raɓa takan kwanta a kan ciyawa ko da tsakar rana ce. Hakama ta bi wannan danshi ta ratsa dajin ƙaya wanda ya yayyaga mata zane, ta ƙetare kogin da ya kusa tafiya da ita, ta hau duwatsun da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Takalmanta suka tsinke ta ɗaure su da kaba, don ko a dajin da ba mai ganinta, 'yar sarkin Waskana ba ta yarda ta taka ƙasa da tafin ƙafa ba. In ta tsaya hutawa sai ta tuna ubanta ba ya hutawa, sai ta miƙe. A haka har ta iso wani busasshen tafki, ta hango tsohuwar tana ta zaga shi da wani ƙoƙo a ka, can baya da nisa kuma wani kunkuru yana biye da ita yana ta fama.

Hakama ta rusuna za ta yi gaisuwa, tsohuwa ta wuce ta fuu. Dole ta bi ta da sassarfa ta yi gaisuwar a tafe. Ta ce, "Sannu da rana, Kaka. Ni ce Hakama 'yar Sarki Tunau, na zo ban haƙuri ne. Mahaifina ya yi miki laifi, ya kuma ji a jikinsa. Ki dubi girman Allah ki kwance shi, ransa ya kusa fita."

Uwar Raɓa ta ce, "'Yar nan, kina tsammani ni daɗi nake ji? Dubi ƙafafuna." Hakama ta duba, ta ga duk sun tsattsage suna jini. Tsohuwa ta ci gaba, "Tun ranar da na bar kanyata ban runtsa ba. Maganar da na yi cikin fushi ta ɗaure mu tare, ni ma ba ni da ikon kwance ta. Mu aljanu ba ma shuka. Abin da hannun mutum ya tuge, hannun mutum ne zai mayar da shi."

Ta sauke ƙoƙon ta miƙa mata. A ciki akwai rassan kama-ƙasa guda uku a kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, su ne abin da ta fizgo daga bakin wuta. Ta ce, "Wannan ƙoƙon raɓa ne. Abin da ke cikinsa ba ya bushewa, amma kuma ba ya yaɗuwa. Ki kai su gida ki rene su har su yi faɗin da tsohuwa za ta miƙe ƙafa a kai. Ranar da suka kai, ba sai an aiko mini ba. Yanzu ki saurara in gaya miki yadda ake dasa shi. Da farko dai..."

"Na gode, Kaka! Shuka ce, ai ba wanda bai san shuka ba." Hakama ta riga ta juya. Kun ji fa, yarinyar da ko barkono ba ta taɓa dasawa ba!

Tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "To, uwar gaggawa, ko ba komai ki ɗauki kunkurun can ki tafi da shi. Shi ma irinki ne a da, yanzu ya yi hankali." Hakama ba ta tsaya tambayar ma'anar wannan magana ba. Ta suri kunkurun ta ƙunshe a gefen zane, tana tafe tana yi masa mitar nauyi har gida.

Ta tarar da ubanta ya ƙara lalacewa, yanzu dogarai huɗu ke tallafe da shi. Nan da nan ta sa aka kawo tasar azurfa aka cika ta da ƙasar da aka tankaɗe, aka ɗora bisa wani dogon turke na hauren giwa a tsakiyar filin fada, inda rana take duka tun safe har yamma. Maganin sarki ne, ta yaya za a dire shi a ƙasa? Ta dasa reshe na farko. Ya kama, ya fara miƙewa, ya kai bakin tasa ya leƙo yana lilo, yana neman ƙasa. Kullum Hakama ta zo sai ta ce, "Ayya, zai faɗi," ta ɗago shi a hankali ta ɗaure shi a jikin tsinke da zaren alharini. Kunkurun nan kuwa ba shi da aiki sai tunkuɗar gindin turken da ka, ita kuma ta ɗauke shi ta kai nesa tana masa faɗa. Ba a daɗe ba reshen ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya mutu a ɗaure cikin alharini.

Ta ce rana ce ta kashe shi. Ta sa aka mai da turken inuwar soro, aka kawo tasar da ta fi ta farko faɗi, ta dasa na biyu. Wannan ya yi kyau, ya fitar da ganye har sun kusa cika tafin hannu. Sai wata rana da azahar sarki ya yanke jiki ya faɗi a kan darduma, yana kwance amma ƙafafunsa suna ta taku a iska, yana nishi kamar ransa zai fita. Hakama ta ruɗe. Ta ruga ta tsinke ganyen nan kaf, ta dandaƙa, ta ɗaura masa a tafin ƙafa. Ƙafafun suka tsaya cik. Sarki ya ja dogon numfashi ya ce, "Alhamdulillahi." Kafin ya rufe baki zafin ya dawo, aka ɗaga shi aka ci gaba da tafiya. Reshen da aka yi wa tsirara kuwa bai sake tsiro ba.

Saura ɗaya. Tsoro ya kama Hakama, tsoron rana, tsoron ruwa, tsoron hannunta ma. Ta ƙi fitar da shi daga ƙoƙon raɓa. Ta ɗauki ƙoƙon, ta sa aka kai shi bisa turken ƙarƙashin kanyar nan ta bayan fada, inda tun ranar da aljana ta fito ko masu shara ba sa zuwa, ta ajiye shi can don kada zuciya ta sake kai hannunta gare shi. Ta koma bayan ubanta tana zaga soraye, ba ta ci ba ta sha, tana ta saƙa da warwara. In ta dasa ya mutu, shi ke nan. In ta bar shi a ƙoƙo, shi ke nan ɗin dai.

Ana haka damina ta faɗi, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ruwan ya ɗauke, Hakama ta ruga bayan fada, abin da ta gani ya sa ta ɗora hannu a ka. Ƙasa ta yi laushi, kunkuru ya samu yadda yake so ya ture turken, ƙoƙon raɓa ya fashe, reshen ƙarshe yana yashe cikin taɓo, kunkurun kuma ya haye kansa ya yi zamansa. Ta kurma ihu ta ce, "Wayyo Allah, ka kashe mini uba! Na ɗauko ka tun daga bayan duniya don ka kashe mini uba?" Ta ɗaga hannu za ta doke shi, sai ta fasa. Abin da ya taɓa ƙasa ai ya haramta ga sarki. Ta juya tana kuka ta bar su nan.

Kwanaki suka wuce ba ta leƙa wurin ba. Ran nan da safe ƙafafunta suka kai ta ba tare da ta yi niyya ba, ta tarar da kunkurun yana bin reshen a hankali, in ya zo kan gaɓa sai ya danna ta da ƙirji cikin taɓo, ya ɗan jima, ya matsa gaba. Abin mamaki, reshen bai mutu ba, ya ma fi da kore. Ta sunkuya za ta ɗago shi daga ƙazanta kamar yadda ta saba, sai ta ji ya ƙi tasowa. Ta duba da kyau, ta ga kowace gaɓa ta saki fararen saiwoyi sirara ta riƙe ƙasa gam, daga kowace kuma sabon reshe ya ɓullo.

Ashe duk ɗagawar da take yi masa da zaren alharini yunwa take kashe shi da ita. Ashe girmamawar ce ta kashe na farko. Ta dubi takalmanta, ta dubi taɓon, sannan ta tuɓe su ta ajiye gefe, ta durƙusa gwiwa biyu a cikin laka, abin da wata 'yar sarkin Waskana ba ta taɓa yi ba. Ta dubi kunkurun ta ce, "Ka yafe mini, bawan Allah. Tun tuni kake gaya mini, ni ce ban tsaya na ji ba."

Daga ranar ta koma 'yar gindin kanya. Ta sassauta ƙasa da yatsunta, ta barbaɗa ruɓaɓɓen ganye, duk sabuwar gaɓa ta danna ta da babban yatsa ta ɗora mata 'yar ƙasa. Ranar da ba a yi ruwa ba ta yi yayyafi safe da yamma. In reshe ya yi saiwa sosai sai ta yanke shi daga jikin uwarsa ta dasa gaba. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne jira, domin daga inda take tana jin takun ayarin sarki yana zaga fada, kullum takun yana ƙara rauni. Sau da yawa hannunta yakan kai kan ganyen, sai ta janye shi ta cusa a hammata ta cije leɓe. Takan miƙe a gefen wurin ta gwada da tsawonta, ta tuna tsohuwar ta fi ta tsawo, ta tashi tana tsaki.

Galadima Nomau ya zo ya same ta da laka har gwiwa. Dattijo ne mai gaskiya, yana kuma son sarki, sai dai al'ada ta zame masa kamar fatar jiki. Ya kau da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, idona bai so ya ga wannan ba. Ganyen nan a ƙasa ya tsiro, a ƙasa yake kwance. Ko ya cika bayan fada, ba shi da hanyar zuwa jikin sarki."

Hakama ta ce, "Baba Galadima, in ba shi da hanyar zuwa wurin sarki, sarki yana da ƙafa." Ta ci gaba da danna gaɓoɓinta.

Wata rana da la'asar, gari ya yi tsit ba iska, sai Hakama ta ji raɓa tana sauka a kafaɗarta. Ta ɗaga kai, ga Uwar Raɓa tana tahowa tana jan ƙafa. Ta dafa kanyar, ta durƙusa, ta miƙe a kan koren ganyen, ta saki wata ajiyar zuciya wadda sai da rassan kanya suka motsa. Wurin ya ɗauke ta daidai, har da ɗan saura a gefe. Ta ce ido a rufe, "Ɗaurin ya kwance, jikata. Amma wutar da ke ƙafar ubanki ba za ta mutu ba sai ya tako nan da kansa, ba takalmi, ba shimfiɗa. Akwai wuri."

Hakama ta ruga ta tare ayarin ta juyo da shi bayan fada. Sarki ya zama ƙashi da fata, kansa yana lilo, ƙafafunsa suna jan darduma. Da aka iso bakin ƙayar, masu shimfiɗa suka yi abin da hannunsu ya saba, suka ɗaga darduma za su rufe ganyen da ita. Hakama ta yi tsalle ta cafke bakin dardumar ta fizge, ta yi jifa da ita can. Fada ta ɗauki salati.

Galadima ya sha gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ka san abin da iyaye suka bari. Daga bakin dardumar nan zuwa can taku ɗaya ne, amma in ka yi shi, ni da bakina zan ce a cire rawani. Kada ka sa ni, Zaki. Na roƙe ka kada ka sa ni."

Sarki yana ta taku a wuri ɗaya, don tsayawa ba ta yiwuwa. Ya dubi Galadima, ya dubi tsohuwar da ke kwance, ya dubi 'yarsa da laka a gwiwa da farce duk ƙasa. Ya ce, "Uwata, me kika ce?"

Ta ce, "Baba, ni ba sarki na je nema a daji ba. Ubana nake so."

Sarki Tunau ya zame takalmansa, ya ɗaga ƙafar da rabonta da ƙasa tun yana saurayi, ya taka. Ganyen ya lotsa ƙarƙashinsa, ruwansa mai sanyi ya fito ta tsakanin yatsu. Ya kawo ɗaya ƙafar. Ya tsaya. Jama'a suka riƙe numfashi suna jira ya zabura, bai zabura ba. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe a hankali, ya zauna daɓas, ya kai kansa kan cinyar 'yarsa, kafin ta gyara masa rawani barci ya ɗauke shi. Hakama ta yi ta kuka ba sauti, tana tsoron ko motsi ta yi ya farka. Hakimai da alƙalai da masu shimfiɗa kuwa, da suka ga sarki a zaune, kowa ya zube inda yake a kan tsurar ƙasa, ba wanda ya nemi tabarma.

Sai da hankali ya kwanta aka lura da wani saurayi zaune a gindin kanya, ɓawon kunkuru a gefensa ba komai a ciki. Ya gaida jama'a ya ce shi ne Yarima Arzika, ɗan sarkin ƙasar da ke bayan kogi. Ya je neman kama-ƙasa ne don mutanensa, ya tarar da Uwar Raɓa, ya kai hannu zai fizge ƙoƙon ba ko sallama, ta mai da shi kunkuru har ranar da za ta kwanta. Hakama ta tuna irin faɗan da ta sha yi masa, kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Sarki bai farka ba sai da rana ta sake fitowa ta yi sama. Galadima, wanda ya kasa tafiya gida, ya matso ya duba tafin ƙafar sarki, fuskarsa ta washe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai ba ka taɓa ƙasa ba! Ganye ka taka. Ku duba, jama'a, kore ne kawai, ba ƙasa ko ɗigo. Rawani yana nan."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Nomau, amma ba zan ɓuya a bayan ganye ba." Ya buɗa ganyen da hannu, ya cusa yatsun ƙafarsa cikin laka har suka nutse, ya ɗaga wa kowa ya gani. Ya ce, "Ga ta, na taɓa. Ita ta ciyar da ni, ita ta warkar da ni, cikinta kuma za a sa ni. Wanda zai cire rawani ya taso." Ba wanda ya taso. Galadima ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya sunkuya ya tuɓe nasa takalman.

A ranar aka soke al'adar, aka raba dardumai ga masallatai da gidajen marayu. Hakama ta riƙa yankar rassan da suka yi saiwa tana ba matan gari, tana nuna musu su bar shi ya kwanta, kada su tsinka sai ya yi faɗi, in za su tsinka kuma su tsinki gefe. Kafin damina ta gaba gindin kowace randa a Waskana ya yi kore, masu jego da masu tari da yara masu haƙori suka sami abinsu. Yarima Arzika ya kai wa mutanensa nasu, sannan ya dawo da manyan ƙasarsu neman auren Gimbiya. Da sarki ya tambaye ta, sai ta ce mutumin da ya jure mitarta tun daga busasshen tafki har Waskana bai ce uffan ba, ai ba ta da wani zaɓi da ya fi shi. Aka yi biki na ƙasaita, aka kai amarya da ƙoƙon kama-ƙasa a gaban kayanta.

Sarki Tunau ya yi shekaru masu yawa bayan haka. Kullum da la'asar in an tashi daga fada, sai a gan shi ya nufi gindin kanya ba takalmi, ya yi sallama a hankali don kada ya tashi mai barci, ya zauna a ɗan gefen da aka bar masa. Tun da sarki ya samu ya zauna, mu ma sai mu sauke labarin a nan mu huta.